Daga Adabraka Zuwa Yeji Neman Jirgin Ruwa Na Hannu

 Dattawa suna ba da labari cewa sunan unguwarmu Adabraka daga bakin Hausawa 'yan kasuwa ya fito. Wai idan mai saye ya taya kaya bai kai ba, sai mai kaya ya ce masa "albarka". Da mutanen Ga suka ji kalmar ta yi yawa a wurin, sai suka juya ta da harshensu, ta zama sunan unguwa. To, mu da aka haifa a unguwar da ciniki ya raɗa wa suna, mun daɗe muna ganin babu cinikin da zai gagare mu. Tafiyar da za mu ba ku labarinta a wannan wata ita ce ta rage mana wannan taƙama.

Ga yadda abin ya taso. Mahaifiyarmu Hajiya ta fi shekara talatin tana sana'ar kifin banda a kasuwar Adabraka. Kifin nan kuwa, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, daga ƙauyukan masunta na bakin tafkin Volta yake fitowa, a kawo shi Yeji a jirgin ruwa, daga nan a loda a mota zuwa nan Ankara. Kawunmu, ƙanenta, shi ke zaune a zangon Yeji yana tara mata kaya. Kullum kukansa ɗaya ne: jirgin haya ba ya tashi sai ya cika maƙil, kwandunansa su kwana a ƙauye, in an ɗauko su kuma a ɗora musu buhunan gawayi da doya har kifin ya farfashe. Ban da wannan, matarsa 'yar ƙetaren ruwa ce, duk biki ko rasuwa sai ta shiga irin wannan jirgi da yara. A watan Nuwamban 2024 aka yi taron gida bayan sallar Juma'a, aka haɗa abin da ya rage na gadon marigayi Baba da adashin Hajiya na shekara biyu, aka ce mu biyu, 'ya'yanta maza, mu je mu nemo jirgi mai inji. Sabo ya fi ƙarfinmu, saboda haka na hannu za a saya.

Da za mu fita Hajiya ta ce, "Kuɗin nan na marayu ne, kuma jikokina ne za su shiga. Ku buɗe ido." Muka ce, "To, Hajiya, in Allah ya yarda."

Da yake mu 'yan birni ne, sai muka ga me zai kai mu nesa alhali ga teku a bayan gida. Ranar Talata muka ratsa Makola muka gangara Jamestown, domin ranar ce masunta ba sa shiga teku, duk jiragensu suna bakin gaɓa. Wanda ya daɗe bai je ba zai ga wuri ya sake. A ƙasan hasumiyar nan mai ja da fari an gina sabuwar tashar masunta da kuɗin ƙasar Sin, aka buɗe ta a watan Satumban 2024. A nan ne dai, kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jiragen Turawa ke tsayawa can cikin teku, ƙarti su yi ta tuƙa ƙananan jirage suna sauke kaya suna loda koko. Muka yi ta zagaya kwale-kwale, kowanne da fentinsa da tutocinsa da rubutun da mai shi ya zaɓa, har muka ga wanda aka ce na sayarwa ne.

Mai shi wani dattijo ne mutumin Ga, yana zaune yana ɗinkin taru. Ya ji Hausa sosai, ya ce a Sabon Zango ya yi ƙuruciya. Da muka gaya masa inda za mu kai jirgin, sai ya ajiye allura ya yi dariya har da tari. Ya ce mu duba gindin jirgin. Ashe kwale-kwalen teku daga gungumen itacen wawa guda ɗaya ake sassaƙa shi, can cikin daji, a kawo shi a babbar mota, sannan kafintoci su ƙara masa katako a gefe don ya yi tsawo. An yi shi ne don ya keta igiyar ruwa, cikinsa matsattse, injinsa ma a gefe ake rataye shi kusa da baya. "Ina za ku jera kwanduna a nan?" in ji shi. "Jirgin tafki shimfiɗaɗɗe ne, na katako zalla. Kuɗin motar da za ta kai muku wannan Yeji kaɗai ya isa ya sa mahaifiyarku kuka." Ya ƙara mana da gargaɗi cewa kada mu sayi inji a bakin teku, domin gishiri yana cin inji daga ciki, waje kuwa fes. Mutumin da yake da abin sayarwa ya hana ka saye, ai ya cika ɗan halas. Muka saya masa goro muka yi sallama.

Sai hanya. Muka kwana a mota zuwa Kumasi, da safe muka hau ta Yeji. Aka haye dutsen Mampong, aka bi ta Ejura garin masara da doya, aka wuce Atebubu, daji yana raguwa, sararin sama yana buɗewa, har ka fara jin ƙamshin Arewa. A Prang, inda Shehu Abdullahi Maikano yake kwance, dattawan cikin motar suka ɗaga hannu suka yi addu'a. Daga nan ba nisa sai titi ya gangara ya ƙare a cikin ruwa. Haka yake, ba wai salon magana ba ne: kwalta ce ta tafi har ta nutse. Wannan ita ce tsohuwar hanyar Arewa, wadda kakanninmu fatake suka bi da goro zuwa Salaga, motocin Tamale ma nan suke ƙetarawa kafin babbar hanya ta koma ta Techiman da Kintampo.

Bakin ruwan Yeji ranar kasuwa sai wanda ya gani. Ga babban jirgin fito na ƙarfe mai ɗaukar motoci zuwa Makango, ga jiragen katako jere kamar shanu a mashaya, ana sauke tumaki da babura da gawayi da buhunan garin rogo, mata suna ratsa ruwa har gwiwa da kwanduna a ka. Kana jin Ewe da Tiwi da Gwanja da Fulatanci, amma in ciniki ya yi zafi sau da yawa Hausa ake komawa. Hayaƙin banda da warin fetur sun haɗu sun zama iskar garin. Sojojin ruwa suna tsaye suna duba lodi.

Kawu ya tarye mu, ya kai mu gida aka ci tuwo, sannan ya ce kafin mu ga jirgi sai mun ga wani tsohon kafinta abokinsa. Mu kuwa zumuɗi ya hana mu jira. Tun a tasha wani dillali ya ji abin da ya kawo mu, ya manne mana. Da la'asar muka saci jiki muka bi shi.

Gaskiya jirgin da ya nuna mana ya yi kyau. Shuɗin fenti sabo, bencina a jere, ga inji Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda kowa ke kira "foti", murfinsa yana ƙyalli. Ya ja igiya sau ɗaya inji ya tashi. Ya ce mai shi zai tafi Makka ne, shi ya sa yake sayarwa da gaggawa, kuma akwai wani daga Buipe da zai zo da kuɗi gobe. Kuɗin da ya faɗa bai kai abin da muka riƙo ba. Muka dubi juna, kowa yana lissafin abin da zai mayar wa Hajiya. Allah ya taimake mu kuɗin suna wurin Kawu.

Da safe Kawu bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Ku zo mu je da Baba kafinta ya sa albarka." Tsohon ya zo da ɗan guduma da wata doguwar ƙusa a aljihu. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya sa aka kwashe katakan da ake takawa a ciki, ya durƙusa yana ƙwanƙwasa gindin jirgin taki-taki, yana kasa kunne. Wani wuri ya yi ƙara tsaf, wani wuri ya yi "bum" kamar an bugi kabewa. A nan ya dasa ƙusar, ya danna da babban yatsa kawai, sai ga ta ta shige kamar cikin sabulu. Ya kankare kwaltar da aka shafa a mahaɗar katakai, sai ga tsumma da garin katako an cusa. Ya nuna mana kawunan ƙusoshi, duk tsatsa ta cinye su, itacen da ke kewaye da su ya yi baƙi.

"Yarana," in ji shi, "jirgi daga ƙasa yake mutuwa. Sama na masu kallo ne."

Inji ma bai tsira ba. Makaniken da Kawu ya kira ya fara ɗora tafin hannu a kan injin tun kafin a tayar, ya ce da ɗumi, wato an riga an tashe shi kafin mu iso don kada mu ga wahalar tashinsa da sanyin safiya. Ya sa aka tayar, ya nuna mana ɗan ruwan da ya kamata ya riƙa tsartowa ta baya, alamar famfon da ke sanyaya inji yana aiki. Na wannan ɗigo yake yi. Ya kwance fulogi biyun, ɗaya ya jiƙe baƙi ƙirin. Ya sassauta ƙusar man giya ta ƙasa kusa da farfela, man da ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga ke nan. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗan farantin da ke ɗauke da lambar inji, an goge shi. Makanike ya ce satar inji ta yi yawa a tafkin nan, wanda ya sayi marar lamba da marar rasit, ranar da mai shi ya gane kayansa, shi da 'yan sanda. Muka juya mu tambayi dillali, ashe ya tuna yana da wani uzuri.

Ran nan ba mu iya cin abincin rana ba don kunya. Kawu ya ce mu bar zancen jirgi tukuna, mu shiga ruwan mu gan shi. Ya haɗa mu da wani direba, mutumin Tongu, wanda iyayensa suka hauro daga ƙasan kogi bayan an datse ruwa, shi kuma a kan tafkin aka haife shi. Muka shiga jirgin da yake tuƙawa, wani tsoho mai faci-faci, muka nufi wani ƙauyen masunta da Kawu ke sayen kifi.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin mu da muke kunna wuta a Nima da Mamobi da Adabraka ba kasafai muke tuna inda take fitowa ba. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Tsohon Yeji yana ƙarƙashin ruwa. Haka tsohon garin Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya koma bayan yaƙin Salaga na 1892, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Abin da ya shafi cinikinmu shi ne, da ruwa zai zo ba a sare dajin ba. Itatuwa suna nan tsaye a ƙasa, kuma masu tauri a cikinsu ba su ruɓe ba har yau, shekara sittin ke nan.

Da idonmu muka gani. Bayan mun bar babbar hanyar fito, sai ga busassun rassa sun fito daga ruwa, fari fat, tsuntsaye a kai. Muka ce ai waɗannan da sauƙi, ana ganinsu. Direba ya ce waɗanda ake gani abokai ne. A watan Nuwamba ruwa ya cika, kututturan da suke fitowa fili a watan Yuni yanzu suna ƙasa da taki ɗaya ko biyu, su ne masu fasa jirgi. Muna cikin tafiya a sarari, babu komai gabanmu sai ruwa lumui, sai ya rage wuta ya karkata hagu, ya yi wani dogon zagaye, sannan ya miƙe. Ya miƙa wa ɗayanmu gora ya ce ya soka a dama. Gorar ta daki abu, ƙum. Jikinmu ya yi sanyi. Muka tambaye shi yadda ya sani. Ya nuna wata bishiyar rimi a gaɓa da wani tudu a bayanta, ya ce in sun daidaita, to, ka iso. Haka ya haddace hanyar, kamar yadda yaro ke haddace lungunan Nima.

Ya ce abu uku ke kashe mutane a tafkin: kututture, da lodi fiye da ƙima, da guguwar da ke tasowa ba sallama a farkon damina da ƙarshenta. In biyu suka haɗu, sai addu'a. Masu karatu za su tuna abin da ya faru a watan Afrilun 2006, lokacin da jirgin da ya kwaso mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya nutse, rayuka da yawa suka salwanta. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Gana, wadda aka kafa da dokar 2002, ta sa an sare kututture a wasu hanyoyi, har da ta Yeji zuwa Makango, tana kuma zana wa jirage layin da lodi ba zai wuce ba. Amma hanyoyin ƙauyuka irin wadda kifin Hajiya ke bi, a kan direba suke.

A hanyar dawowa muka fara duban jirgin da muke ciki da wani ido. Muni kam yana da shi. Sai dai ƙafafunmu a bushe suke, yaron jirgi bai taɓa kwanon kwarfar ruwa ba sai sau ɗaya. Facin da ke jikinsa duk a fili suke, sabon katako a kan tsoho, ba a rufe da fenti ba. Da muka yi zancen, sai Kawu ya yi murmushi ya ce mai jirgin wata hajiya ce da ta tsufa, 'ya'yanta sun koma Kumasi, tana so ta sayar. Tun farko nan yake son kawo mu, ya bari ne mu gama yawonmu.

Kashegari aka jawo jirgin kan tudu, Baba kafinta ya bi shi da guduma. Ya sami katako biyu a gaba da ya ce a canza kafin damina, saura lafiya. Makanike ya zo da asuba ya tayar da inji da sanyinsa, sai a ja na uku ya kama, ya ce haka ake so, tsoho ne mai gaskiya. Ruwa yana tsartowa da ƙarfi, man giya garau, farfela ta ɗan lanƙwashe a baki ɗaya. Lamba tana nan, ta kuma dace da ta rasit ɗin da hajiyar ta ciro daga cikin kwalla, a naɗe cikin leda.

Ciniki ya ci kwana biyu. Muka taya, ta ce albarka. Muka ƙara, ta ce albarka. Mu 'yan Adabraka sai ga shi ana jefa mana sunan unguwarmu a fuska har sau huɗu. Abin da ta tsaya a kai ya fi kuɗin mai shuɗin fenti, ya kuma kusa cinye duk abin da muka riƙo. Muka roƙi a cire kuɗin katako biyu da farfela, ta yarda da na katako, ta ce farfela kuwa haka ta gan ta. Kafin mu sallama muka je wurin direba, domin mun riga mun gane cewa in ba shi, itace kawai muka saya. Ya ce zai zauna in za a bar shi ya ƙi lodi in ya ga ya isa, ko da Kawu ne ya matsa, kuma in ya ce yau ba a fita, to, ba a fita. Kawu ya ɗan yi shiru, don shi ɗan kasuwa ne, sannan ya ce ya yarda. Mu ma muka kawo namu sharaɗin. Kowa ya san maganar yaran da ake kawowa daga nesa ana sa su aikin kamun kifi a tafkin nan, har ana tura su nutso su kwance tarun da ya sarƙe a kututture. Muka ce jirgin marayu ba zai yi aiki da ɗan kowa ba sai baligi, kuma aka rubuta.

Akwai abin da ba mu lissafa da shi ba tun daga gida, wato mai. Irin wannan inji fetur yake sha gauraye da baƙin mai. Gwamnati tana sayar wa masunta wani haɗaɗɗen mai mai launin shuɗi a farashi mai rangwame, firimis, ta hannun kwamitocin bakin ruwa, amma yakan yanke, in ya yanke kuwa sai a sayi na gidan mai a haɗa da hannu. Direba ya ce mu ware kuɗin wannan daban, kada ranar da babu mu ce ya cuce mu.

Aka rubuta takarda a gaban shugaban masu jirage da limamin unguwar Kawu, shaidu suka sa hannu, aka biya la'ada, aka yi fatiha. Ɗan abin da ya rage muka ba da na katako, muka sayi rigunan ceto guda goma, huɗu daga ciki na yara. Matar Kawu ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa, ta ce ita tun da take ƙetara ruwan nan ba ta taɓa sa irinta ba. Fenti kuwa babu kuɗinsa, haka muka bar shi da facinsa. Direba ya ce mu dawo a watan Yuni in ruwa ya janye, zai bi da mu hanyar nan mu ga abin da muka wuce ta kansa.

Mako biyu bayan mun dawo kwandunan farko suka iso Adabraka da asuba. Hajiya ta sa aka kwance ɗaya, ta zura hannu har ƙasa, ta ciro tarwaɗa ta karya, ta sansana. Ta ce na sama lafiya lau, jirgi ya yi aikinsa, amma na ƙasa sun farfashe, kuma wannan aikin mota ne, tsakanin Atebubu da Ejura. Sannan ta dube mu ta ce, "Wai nawa ake sayar da tsohuwar lori yanzu?"